Littafin Ƙwallon da Na Riƙe wa Ɗana

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, matar manomi a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, uwar 'ya'ya shida, kuma ɗaliba a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a firamaren garinmu bayan yara sun tashi. Ban taɓa riƙe fensir ba sai da furfura ta fara fito mini, don haka wanda ya ga gyara a wannan wasiƙa ya yi mini uzuri. Ni ba mai yawan magana ba ce, a gida ma tsokanata ake yi wai sai an matso ake jin muryata. Amma rubutu ya shiga raina ƙwarai. Malamarmu takan ɗaga littafina ta nuna wa sauran mata, ta ce su dubi yadda nake jan layi kamar da zare aka auna. Sai in koma gida ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta.

Akwai wata ɗabi'a ta malamar nan da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ba ta sa wa babbar mace alamar kuskure a littafi. In kin yi daidai sai ta ja miki 'yar alamar nan mai kama da ƙugiya, in kin kauce sai ta bar wurin haka nan ba komai, ta ce ki je ki sake dubawa. Ta ce ita ba za ta gicciya wa sa'ar uwarta jan biro ba, don ta ga mata da yawa sun daina zuwa aji saboda kada jikokinsu su ga littafin su yi dariya. Mu duka muna son ta saboda wannan, ni kuwa na ɗauka haka ake duba kowane irin aiki a duniya.

Ɗana na fari a lokacin ya haura ashirin. Kamar yadda ake yi a danginmu, tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma can Gafasa, bai dawo gabanmu ba sai bayan rasuwarta. Ba na kiran sunansa, ba na zama in yi hira da shi, shi kuma Adda yake ce mini kamar yadda ƙannena suke faɗa. Ya dawo gidan ubansa kamar baƙo. Da safe zai gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon murhu, ya ɗauki kwanonsa ya fita. Mutane suna yabona wai na iya alkunya. Ba wanda ya san nakan leƙa ta jikin zana in bi bayansa da kallo har ya ɓace.

Wata rana bayan an gama kaka, da la'asar, ina zaune a tabarma ina aikin da aka ba mu a aji, sai ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ya yi dariya ya ce ashe Adda ta zama 'yar boko ba labari, wannan rubutu ai ya fi nasa kyau, shi da ya gama sakandare nasa kamar kaza ta yi tono. Sannan ya durƙusa ya ce yana da wani ɗan aiki in zan taimaka masa. Wai shi da abokansa da suke zuwa gidan kallon ƙwallo a Gaya suna gasar hasashe, kowa ya faɗi wanda zai ci kafin a buga, wanda ya fi dacewa a saya masa katin waya. Ya ce akwai manhaja a waya da take tara wa mutum sakamakon wasanni da abin da ya hasasa, amma tana cin data, wayarsa kuma rabin sati a wajen mai caji take. In na riƙe masa a littafi shi ya huta, ni kuma hannuna ya ƙara faɗawa. Ban tambaye shi komai ba. Abin da na gani kawai shi ne ɗana ya durƙusa a gefen tabarmata yana neman wani abu a wurina.

Washegari ya kawo mini dogon littafi mai kwali da rula. Na ja layuka biyar da hannuna: na rana, na masu wasa, na abin da ya faɗa, na yadda aka tashi, sai ɗan siriri a ƙarshe na sa alama. Sunayen ƙungiyoyin Turawa sun fi ƙarfin bakina da fensirina, sai muka raɗa musu namu, akwai Jar Riga, akwai Shuɗiya, akwai Masu Zane, akwai waɗanda ya ce in rubuta musu Ragwaye don ba sa cin kowa. Ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci yakan faɗa mini hasashensa in rubuta, ranar Litinin ya karanto mini sakamako daga waya in cike. A wannan zaman na san ɗana. Na san ba ya son kuka a miya, na san yana tsoron kare tun wani cizo da aka yi masa yana ƙarami wanda ba a taɓa gaya mini ba, na ji yadda kakarsa take masa waƙa in zai yi barci. Yakan ce Adda ki lura da Shuɗiya, wannan satin sai sun ba mu kunya, in ce ai ni na ga sun yi sati uku ba su faɗi a gida ba. Sai ya tafa hannu ya ce wallahi na fi masu sharhin rediyo. Maigidana yakan wuce ya gan mu, ya ce Allah ya ƙara basira, a zatonsa karatu yaron yake koya mini.

A cikin wasa goma yakan dace da bakwai ko takwas. Duk inda ya dace sai in ja masa ƙugiyar nan mai kyau, inda ya kauce kuwa sai in bar wurin fili, kamar yadda malama take mana. Sau ɗaya ya tambaye ni me ya sa ba na sa komai a nan, na ce ai babba ba a gicciya masa biro. Ya yi dariya ya ce Adda ba ta son ɓata wa mutum rai. Haka shafuka suka riƙa cika, in ka buɗe ba abin da idonka zai gani sai alamar daidai tun daga sama har ƙasa, guraben nan kuwa ba sa ko jan ido. Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya aka fahimtar da ni, shi ne duk wasannin nan goma a takarda ɗaya ake haɗa su, kuma in ɗaya tak ya kauce, duka sun tafi. Wato shafin da ni nake gani ya ci takwas, shi a aljihunsa faɗuwa ce zalla.

Ba zan ce ban san caca ce ba, in na faɗi haka na yi wa Allah ƙarya. Kamar wata biyu da farawa ina wanki, na laluba aljihun wandonsa sai na ciro wata 'yar doguwar takarda irin wadda inji yake bugawa. Da a da ne sai in jefa ta a murhu, amma yanzu na iya karatu. Na ga jerin sunayen nan da nake gani a wayarsa, na ga alamar naira a ƙasa, kuɗi kaɗan a layi ɗaya, kuɗi mai yawa a layi na biyu. Na sha jin malamai a rediyo suna magana a kan wannan abu, na gane shi nan take. Na zauna a bakin bahon wanki har kumfa ta kwanta. Na san in na yi magana zaman Juma'a da Litinin ya ƙare, zai koma gaishe ni daga bakin ƙofa. Sai na ce wa raina ai ɗan canji ne yake sawa, ai yaro ne zai bari, ai ba uwa ce take tsawata wa ɗan fari ba, wannan aikin ubansa ne. Amma uban ban gaya masa ba. Na shanya takardar a kan zana, da wandon ya bushe na mayar da ita aljihun da na same ta.

Abin da gidanmu ya dogara a kai shi ne shanun huɗa guda biyu, Ja da Fari. Da su muke huɗa gonarmu, da su maigida yake yi wa wasu aiki a biya shi. Jan ya tsufa, ya fara durƙushewa a ƙarƙashin karkiya, sai maigida ya yanke shawarar a sayar da shi kafin damina a sayo matashi a haɗa da Farin. Ana cikin haka gwiwarsa ta kumbura har ba ya iya taka ƙasa, ya kira yaron ya ce lokaci ya yi da zai fara ɗaukar nauyin gida, ya kai san kasuwa ya sayar, ya zaɓo wani. Ya kai ya sayar. Da ya dawo ya ce bai ga wanda ya yi masa ba, sai kasuwa mai zuwa, kuɗin kuma ya zuba su a asusunsa na waya don kada a yanke masa aljihu. Uban ya ce ya yi dabara.

A cikin wannan satin ya same ni da hantsi ina tankaɗe, ya ce in ɗauko littafin. Ya riƙa buɗe shafi bayan shafi a hankali, ya ce wasannin bana sun kusa ƙarewa, saura sati biyu ko uku. Sannan ya ce Adda don Allah in duba da kyau in faɗa masa gaskiya, mutumin da ya yi wannan aikin, sa'a ce ko sani ne. Na san kuɗin san da aka sayar suna hannunsa. Zuciyata ta raya mini abin da yake shirin yi, na ji shi sarai, na danne. Na dubi layukan da na ja da hannuna, na dubi fuskarsa yana jiran abin da zan ce kamar ƙaramin yaro, sai na ce wannan ya wuce sa'a, Allah ya ba shi kai. Ya rufe littafin ya ce shi ke nan, in Allah ya yarda sai Baba ya ga shanu biyu sababbi a turke maimakon ɗaya. Ko a nan ban ce kada ya yi ba. Na ce Allah ya sa, na ci gaba da tankaɗe.

Litinin ta zo bai zo da sakamako ba. Kasuwa ta ci ya ce shanu sun yi tsada, ta sake ci ya ce dillalin bai zo ba. Ya daina cin abinci sosai, ni kuma ina zuba masa ina kwashewa ba na cewa komai. Daga baya na ji cewa rabin kuɗin ya fara sawa a cacar, da ya faɗi ya sa rabin abin da ya rage don ya maido, haka har ya ƙare. Ranar da aka wayi gari an yi ruwa mai ƙarfi, maigida ya fito da sanda ya zauna a kan turmi yana gyara igiyar karkiya, ya kira yaron ya ce malam, ina san da aka ce ka sayo. Yaron ya durƙusa ya faɗa masa. Ina cikin madafa ina dama koko, ina jin komai. Maigida ya yi salati sau uku, sannan ya tambaye shi wa ya ɗora shi a wannan hanya, wa yake zuga shi. Ya ce abokai ne. Bai ko kalli wajen madafa ba. Uban bai zage shi ba, bai taɓa shi ba, ya ce kawai ya tashi ya ɗauki garmar hannu, gonar tana jiransa.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Muka jira sai da ƙanen maigida na Toranke ya gama nasa aikin da na waɗanda suka biya shi, sannan ya ara mana nasa, lokacin ciyawa ta riga ta rufe gona. Gyaɗa da wake suka shiga ƙasa a makare, aikin huɗar da maigida yake samu ya tafi wajen wasu, rumbu bai kai mu ko'ina ba. Duk daminar nan uba bai yi wa ɗansa magana kai tsaye ba, sai dai ya ce a gaya wa wancan ya kai taki. In ransa ya ɓaci sai ya ce laifin tsohuwa ne, mahaifiyarsa ke nan, ita ta shagwaɓa shi ba ta taɓa hana shi komai ba. Ina ji ana ɗora wa matacciya kayana, littafin yana ƙarƙashin kwallata, na yi shiru wata huɗu.

Abin da ya buɗe bakina wani magidanci ne, sabon aure, mai sana'ar facin taya, abokin yaron. Da aka koma wasanni ya yi sallama a zaure ya ce ya zo gaida Adda. Bayan gaisuwa ya sosa ƙeya ya ce aron littafin Adda ya zo nema. Na ce wane littafi. Ya ce haba, ai ba wanda bai san shi ba a gidan kallo, sun daɗe da ɗaukar hotunan shafukan a wayoyinsu, har suna kiran ɗana malam ba ka faɗuwa. Abin da ya faru da kuɗin sa tsautsayi ne na rana ɗaya, littafi ai ba ya ƙarya, tunda uwa ce ta rubuta. Ya ƙara da cewa in zan buɗe masa nasa shi ma, sabulu da omona na wata a wuyansa. Na ce masa ya gaida amarya, littafi ba ya aruwa.

Da yaron ya dawo gona na ce ya kawo mini duk takardun da ya taɓa bugawa. Ashe yana tara su a cikin wani gwangwanin madara, sauran kuma suna cikin wayarsa. Na sayi jan biro. Na buɗe sabon shafi na ja layi biyu kawai, na ci da na faɗuwa, kowace takarda da gurbinta, ta ci ko ta faɗi. Alamar kuskure ta farko da na yi a karkace ta fito. Yini uku muna yi da la'asar, yana karantowa ina gicciyawa. A rana ta biyu ya ce Adda ya isa haka, ya gane. Na ce bai isa ba, sai mun kai ƙarshe, tunda ni na bar guraben ni zan cike su. Da muka gama, takardun da suka ci ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, jan biro kuwa ya cinye shafi shida. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dama aljihunsa yana gaya masa haka tun tuni, amma littafin yana gaya masa wani abu daban, sai ya zaɓi ya yarda da littafin don hannuna ne. Wannan magana har yau ba ta bar raina ba. Na ce ya ɗauki hoton shafukan nan shida ya tura wa duk wanda yake da na farko. Ya tura. Wasu sun yi dariya, mai facin bai sake zuwa ba, ban san abin da ya yi ba.

Washegari na kai wa maigida littafin. Ba ya karatun boko, sai da na yi masa bayani layi layi, na gaya masa batun takardar aljihu, na gaya masa abin da na faɗa a satin da aka sayar da sa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi da yake wucewa yana sa mana albarka ashe wannan ake yi a tsakar gidansa. Ya tambaye ni me ya hana ni magana tun ranar wanki, na ce kunyar ɗan fari, da tsoron kada ya daina zama da ni. Ya ce alkunyar da ya sani ita ce kada in kira sunansa, ba in ga zai halaka in ce Allah ya sa ba. Sannan ya ce sa dai ya tafi, ya yafe, amma in je in nemi gafarar Allah a kan tsohuwa, don wata huɗu yana zagin tarbiyyarta a kabarinta ina tsaye ina ji. Wannan ya fi mini duka ciwo.

Yanzu shekara biyu ke nan. Yaron yana zuwa cin rani Kano, yana dako a kasuwa, kuma bara ya sayo ɗan maraƙi ya ɗaure a gida, bai isa karkiya ba tukuna. Ubansa ya fara amsa gaisuwarsa da baki, amma bai sake ba shi ko akuya ya kai kasuwa ba. Ni ban daina zuwa aji ba, kuma ban ga laifin malamarmu ba, ita tana lallashin tsofaffi ne su koyi baƙi, ba kuɗin kowa a ciki. Ni ce na ɗauki tausayi na kai shi inda gaskiya ake bukata.

Abin da nake so in gaya wa iyaye mata 'yan uwana, musamman mu da muka samu karatu da girma muke ɗokin a ce mu rubuta wani abu, shi ne ku tambayi abin da kuke rubutawa da abin da za a yi da shi. Ku kuma samari masu tara sakamako a waya ko a takarda kuna cewa nazari kuke yi, ni na riƙe irin wannan littafi da hannuna, na ga yadda yake nuna wa mutum inda ya dace ya ɓoye masa abin da ya rasa. Uwa kuwa in ta ga abin da na gani a aljihu, ta yi magana a ranar, ko da ɗan zai yi wata bai kalle ta ba. Nawa ya ce mini ya daina. Ban sani ba ko gaskiya ne, Kano da nisa kuma wayar tana aljihunsa. Amma duk zuwan da zai yi sai na zaunar da shi na tambaye shi ido da ido, yana ɓata rai, ina sake tambaya. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, ni da shi.